Ina Takardar Mai Neman Aiki Take Kwana?

A shekarun 1960 da farkon na 1970, wanda ya gama makaranta a Arewa yana son aikin gwamnati, abin da zai tanada bai wuce farar takarda da alƙalami da ambulan da kan sarki ba. Zai zauna ya rubuta buƙatarsa da hannunsa, ya lissafa makarantun da ya yi, ya ambaci mutum biyu ko uku da za su iya ba da shaida a kansa, galibi hedimasta da wani babba na gari, sannan ya jefa a gidan waya ko ya kai ofis da ƙafarsa. Can kuwa akwai akawu a ɗakin rajista, gabansa ƙaton littafi mai layi-layi. Shi zai farke ambulan, ya buga hatimin ranar da takarda ta iso, ya shigar da sunan mai ita da lambarta, ya huda gefenta ya ɗaure cikin fayil, masinja ya ɗauka zuwa teburin gaba bayan an sa hannu a littafin kai-kawo. Duk wanda fayil ya biyo ta gabansa sai ya rubuta ra'ayinsa a kai, ya sa hannu da kwanan wata. In an ɗauki mutum, takardar kama aiki za ta je masa; in ba a ɗauke shi ba, sau da yawa gajeriyar wasiƙar ban haƙuri za ta same shi a akwatin gidan waya. Aikin akwai jinkiri, fayil kan yi makonni yana shan ƙura, wani ma ya ɓace, amma takardar mutum tana barin sawu, kuma ana iya bin sawun har a kai ga hannun da ta maƙale.

Yau akawun nan ya sauya suna, ana ce masa mataimakin jami'in sashen kula da ma'aikata. Littafinsa ya koma cikin kwamfuta, gidan waya ya koma shafin intanet, masinja kuma ya koma imel. Abin da nake gani shi ne, cikin shekaru hamsin ɗin nan an sauƙaƙa wa mai nema hanyar miƙa takardarsa ƙwarai da gaske, amma an toshe masa hanyar sanin abin da ya same ta bayan ya miƙa. Wurin da sawun ke ɓacewa kuwa shi ne teburin wannan ƙaramin ma'aikaci da ba wanda ke waiwayarsa in ana zancen gyaran ƙasa. Duk surutun da ake yi a kan sayar da guraben aiki da 'ya'yan manya, in ba a dawo kan teburin nan ba, surutu ne kawai zai ci gaba da zama.

Kada a ɗauka mutanen wancan zamani waliyyai ne. A En'e sanin kowa ne cewa ɗan hakimi da ɗan bafade sun fi ɗan talaka kusa da kujerar malanta, kuma wannan na cikin abubuwan da 'yan NEPU suka daɗe suna kuka a kai. Abin da ya rufa wa tsarin asiri shi ne ƙarancin masu takarda. Gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardauna ta ɗauki manufar cike guraben aiki da 'yan Arewa, sai ga kujeru sun fi masu zama yawa. Makarantar horar da akawu da aka buɗe a Zariya a 1947, wadda ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki a 1954, ba ta iya yaye adadin da ofisoshi ke buƙata. Manyan gwamnati da kansu suna bin makarantun sakandare suna lallashin ɗalibai su shiga soja. A Kakuri, bayan an buɗe masaƙar Kaduna a 1957 wasu masaƙun suka biyo baya, ƙarfi da lafiya da wanda zai tsaya maka sun isa a buɗe maka ƙofa. Da aka fara bautar ƙasa a 1973, waɗanda suka fita a rukunin farko daga duk Najeriya 2,364 ne kacal. Ofishin da takardun masu nema ba su fi cikin fayil biyu ba, ba ya wahala wurin amsa wa kowa, kuma in ya yi son kai, wanda aka tsallake ba ya daɗewa wani ofishin ya ɗauke shi. Son zuciya yana nan tun lokacin, ɓarnarsa ce ba ta kai ta yanzu ba.

Daga farkon shekarun 1980 lissafi ya juye. Kuɗin mai ya faɗi, aka yi korar ma'aikata a 1984, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, gwamnatoci suka riƙa sa takunkumi a kan ɗaukar sabbin ma'aikata. Masana'antun da ke kwashe ɗimbin matasa suka soma mutuwa ɗaya bayan ɗaya: masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, UNTL a 2007, manyan gine-ginen Bompai da Sharada da Challawa da yawansu suka koma rumbunan ajiye kaya. A ɗaya ɓangaren, jami'o'in da suke biyar a 1962 sun haura 250, masu fita bautar ƙasa kuma sun wuce dubu 300 a shekara. Takunkumin nan bai hana ɗaukar aiki ba, ya dai mayar da shi ta ƙofar baya. A nan aka saba da abin da ake kira maye gurbi: wani ya rasu ko ya yi ritaya, sai a sa wani a madadinsa, ba talla, ba sanarwa, ba jarrabawa. Suna kan fito daga aljihun wani babba ya hau kan takardar kama aiki kai tsaye, ba tare da ya taɓa bi ta ɗakin rajista ba. Tun kafin kwamfuta ta shigo ofis, littafin akawu ya riga ya soma zama kayan ado.

Sai ga wayar salula a 2001, intanet ta biyo bayanta, hukumomi suka fara cewa a nemi aiki ta shafinsu. Wannan ci gaba ne, ba kuma ƙarami ba, don ɗan Gumel ko na Yawuri ba sai ya sayar da akuya ya yi kuɗin motar Abuja don miƙa takarda ba. Amma a leƙa shagon intanet ranar da aka buɗe shafin 'yan sanda ko na kwastan. Janareta na ruri a waje, matasa sun cika benci, kowa da ambulan mai ruwan ƙasa a hammata, ciki akwai kwalin makaranta, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru daga kotu, da shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, da hoton fasfo. Yaron shago ne ke cikewa, yana tambaya yana bugawa, in shafi ya ƙi buɗewa a ce a dawo da tsakar dare lokacin da sabis ya fi kyau. Sau da yawa adireshin imel ɗin da aka sa shi ya ƙirƙira nan take, kalmar sirrin ma a kansa take, ta yadda in an aiko da gayyatar jarrabawa bayan wata huɗu, mai ita ba zai gani ba. A ƙarshe a buga wa mutum 'yar takarda mai lamba, ya biya kuɗin aiki, ya linke ta ya sa a aljihu. Daga nan sai shiru. A ƙasan tallar an riga an rubuta cewa waɗanda aka zaɓa kaɗai za a tuntuɓa, wato hukuma ta sauke wa kanta nauyin amsa tun ba a tambaye ta ba.

Ranar Asabar 15 ga Maris 2014 ta nuna inda wannan sauƙi ke kaiwa in ba a yi aikin da ke bayansa ba. Hukumar Shige da Fice ta nemi ma'aikatan da ba su kai 5,000 ba, aka ba wani kamfani kwangilar karɓar buƙatu ta intanet, kowane mai nema ya biya naira 1,000, mutum fiye da 500,000 suka cike. Aikin ofishin ma'aikata a nan a fili yake: a tace, a fitar da waɗanda suka cika sharaɗi, a kasa su rukuni-rukuni, a kira su a ranaku daban-daban gwargwadon wurin zaman da ake da shi. Ba a yi haka ba. Aka ce kowa ya zo rana ɗaya, cikin farar riga da gajeren wando, a taru a filayen wasa. A babban filin wasa na Abuja, da Fatakwal, da Minna, da Benin, turmutsitsi a bakin ƙofa ya ci ran aƙalla mutum 15. Na'ura ta yi nata aikin tsaf, ta karɓi sunaye ta ƙirga kuɗi. Aikin da ya rage wa mutum ne aka bari. Gwamnati ta soke jarrabawar, ta kuma yi wa iyalin kowane mamaci alkawarin guraben aiki uku. Ko a wurin ta'aziyya, abin da hukuma ta ga ya fi daraja ta bayar shi ne gurbin da ba sai an bi layi ba.

Bayan wannan an gyara wasu abubuwa, adalci ne a faɗa. Hukumomin tsaro sun koma yin jarrabawa a kan kwamfuta a cibiyoyi daban-daban, kuma tallace-tallacen yanzu kan jaddada cewa cike fom kyauta ne. Shirin N-Power ya ɗauki matasa 200,000 a 2016 a kan alawus na naira 30,000 a wata, kuma a garuruwa da yawa akwai waɗanda suka shiga rukunin farkon nan ba su san kowa ba. Da aka sake buɗe shafin a 2020, fiye da mutum miliyan 5 suka nema. Wannan ya nuna abin yana yiwuwa in an bar shi ya yi. Sai dai a lura da irin aikin da ake buɗe wa shafi: aikin wucin gadi, da ƙananan matakai na ɗamara, da koyarwa. Ma'aikatu masu maiƙo ba kasafai ake ganin tallarsu ba. Ƙa'idar Hukumar Raba Daidai, wadda aka kafa a 1996, ta ce a tallata guraben aiki a jaridun ƙasa aƙalla biyu, a ba masu nema mako shida. Amma hukumar tana iya ba da izinin a tsallake talla, kuma izinin nan da aka tanada don lalura ya zama babbar hanya. A 2016, da jaridu suka fallasa sunayen 'ya'yan manya da Babban Banki ya ɗauka a asirce, amsar bankin ita ce ya samu izini.

To ina ƙaramin jami'in namu a cikin wannan duka? Yana tsakiya. Shi ke tsara tallar in za a yi, shi ke sauke jerin masu nema daga shafi, shi ke ware waɗanda shekarunsu ko sakamakonsu bai kai ba, shi ke aika gayyata, shi ke zama a gefe ranar intabiyu yana tattara takardun maki, shi ke buga jerin ƙarshe. Bayan an ɗauki mutum, shi ke buɗe masa fayil, ya rubuta ranar haihuwarsa da ranar kama aikinsa, ranaku biyun da za su yanke lokacin ritayarsa bayan shekara 35 ta aiki ko 60 ta haihuwa, shi kuma ke tura sunansa ga masu biyan albashi da kamfanin fansho. Babu sunan da zai shiga ko ya fita ba tare da ya bi ta yatsunsa ba. Littafin rajista yana da wata daraja da ba a lura da ita ba sai da ya tafi: in an yage shafi gurbinsa na nan, in an kankare suna tabon na nan, lambobi kuma a jere suke, ba a cusa wani tsakanin na 41 da na 42. Jerin sunaye a kwamfutar ofis kuwa, a goge layi a sa wani, ba tabo ba alama. Ba wai na'ura ba ta iya ajiye tarihin wanda ya taɓa ta ba ne, ta ma fi littafi iyawa nesa ba kusa ba in an gina ta don haka, an kuma ba wani na waje ikon dubawa. An dai ɗauki ɓangaren da ke sauƙaƙa wa ofis aiki, an bar wanda ke tona masa asiri.

Tsarin biyan albashi na bai-ɗaya, IPPIS, da aka fara a 2007, ya nuna fuska biyun nan. Da aka haɗa shi da lambar BVN, ma'aikatar kuɗi ta sanar a farkon 2016 cewa ta cire sunayen ma'aikatan bogi 23,846. Amma a 2023, a gaban kwamitin Majalisar Wakilai da ke binciken sayar da guraben aiki ƙarƙashin Yusuf Gagdi, wani tsohon jami'in da ke kula da teburin IPPIS a Hukumar Raba Daidai ita kanta ya amsa cewa ya karɓi miliyoyin naira daga masu neman aiki. Bayanan da suka biyo baya sun saɓa wa juna a kan wanda ya sa shi da inda kuɗin suka je, amma darasin bai dogara da wannan ba. Mutumin da ya iya cewa mai nema ya kawo kuɗi a sa shi cikin albashin gwamnati, kuma aka yarda aka ba shi, ba shugaban hukuma ba ne. Mai riƙe da tebur ne.

Wani zai ce duk wannan kame-kame ne, matsalar ita ce babu aikin. In mutum dubu ɗari suna neman gurbi ɗari, ko mala'ika aka sa ya yi rabon, dubu casa'in da tara da ɗari tara za su koma gida hannu rabbana. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce gyaran rajista zai ta da masaƙun Kakuri. Hukumar ƙididdiga ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020. Da ta sauya ma'auni a 2023, ta riƙa lissafa wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako a cikin masu aiki, adadin ya faɗo kashi 4.1, amma benci a shagon intanet bai ragu ba. Sai dai ƙarancin nan shi ne ma dalilin da ya sa hanyar rabo ta fi muhimmanci yanzu fiye da zamanin Sardauna. Wanda ya rasa aiki ya ga makinsa 52 ne, na wanda aka ɗauka 71, zai ji zafi amma zai koma ya ƙara shiri ko ya nemi wata sana'a. Wanda ya ji shiru kuwa, daga baya ya ga abokin karatunsa da ko fom bai cike ba yana tafiya ofis, abin da zai koya shi ne karatu ɓata lokaci ne, kuma ƙannensa suna kallo. A cikin wannan shirun ne 'yan damfara ke cin kasuwarsu, masu buɗe shafukan bogi da masu kiran waya su ce sunanka ya fito, a turo na goro. Uba ya sayar da fili ya biya, a ba ɗansa takardar kama aiki ta ƙarya, don a zahiri ba shi da hanyar bambance ta da ta gaskiya: dukkansu daga duhu suke fitowa.

Wani kuma zai ce an ɗora wa ƙaramin ma'aikaci abin da ya fi ƙarfinsa. Jerin sunaye daga sama yake saukowa, daga ofishin minista ko sanata ko fadar wani basarake, shi kuwa yana mataki na bakwai ko na takwas, yana da iyali, in ya ce uffan gobe a tura shi inda ba zai ƙara ganin fayil ba. Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, kuma tana da tarihi. Tun korar 1975, lokacin da gwamnatin Murtala ta sallami ma'aikata fiye da dubu goma, da yawa ba tare da an saurare su ba, ma'aikacin gwamnati ya koyi cewa kujerarsa ba tabbas, ya kuma koyi yin shiru. Ba wanda ke neman yaron nan ya zama gwarzo ya tari aradu da ka. Abin da ake nema shi ne a mayar masa da garkuwar da magabatansa suke da ita, wato kowane umarni ya zo a rubuce da sa hannu. Akawun wancan zamani kan iya cewa, ranka ya daɗe, a taimaka a rubuta a fayil, kuma wannan 'yar maganar ta isa ta sa babba ya sake tunani. In tsari ya kasance ba ya karɓar sabon suna sai da lambar buƙata da makin jarrabawa da sunan wanda ya amince, to jami'in ba sai ya yi jayayya da kowa ba. Zai ce yallaɓai, ta ƙi shiga. Akwai kuma ƙungiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata, CIPM, da aka kafa tun 1968, wadda ya kamata ta zama inda ɗan ƙungiya zai kai kuka in an matsa masa, da inda za a ƙwace masa rajista in shi ne ya sayar. Ofisoshi da yawa har yau suna ɗaukar teburin nan a matsayin inda ake ajiye duk wanda aka rasa inda za a kai shi.

Masu sha'awar zamani suna da tasu shawarar, su ce a cire mutum gaba ɗaya a bar na'ura ta zaɓa. Manyan kamfanoni da bankuna da ƙungiyoyin agaji da suka cika Maiduguri sun riga sun kama wannan hanya: manhaja ce ke karanta takardun bayanin masu nema, ta watsar da waɗanda ba ta ga kalmomin da aka ce ta nema ba. Amma wa ya gaya mata abin da za ta nema? In aka ce kada shekarun mai nema su wuce 26, na'ura ba ta san yajin aikin malaman jami'a ya ci wata tara a 2020 ya kuma ci takwas a 2022 ba, ba ta san ɗan ƙauye yana makara wurin shiga firamare ba. Za ta zubar da ɗan jami'ar gwamnati ta riƙe na jami'ar kuɗi, kuma babu wanda za a kama da laifi. Ba ta san Muhammad da Mohammed da Muhammadu mutum ɗaya ne a kan takardu uku ba, matsalar da ta fi addabar 'yan Arewa a duk wata tantancewa. Mutum ne zai lura da irin wannan, ya kira mai takarda ya tambaye shi. Ana buƙatar mutumin, ana kuma buƙatar abin da ya yi ya zama a rubuce inda wani zai iya gani.

Saura maganar da ba a cika faɗa a fili ba, amma ita ce a zuciyar mutane da yawa: naka sai naka, kuma wanda Allah Ya ɗaga bai taimaki danginsa ba, ya yanke zumunci. Ai ma haka ake ɗaukar yaro a kasuwa, in ji su, ba talla ba jarrabawa. To a duba yadda ake yi a Kwari ko Singa. Uba ko kawu ne zai kawo yaro ya ce Alhaji, ga ɗanka nan, na ba ka amana. In yaron ya yi sata ko lalaci, wanda ya kawo shi za a kira, kunyarsa ce, wani lokaci ma aljihunsa. Shagon kuma na Alhaji ne, in ya ɗauki rago shi zai yi asara. Wannan lamuni ne, mai sunan wanda ya tsaya. Wanda ya aiko da 'yar takarda ko saƙon waya a ɗauki ɗan ƙanwarsa a asibitin gwamnati kuwa, sunansa ba ya fayil, ba za a kira shi ba in an yi ɓarna, asibitin ba nasa ba ne, kuma shi ba a nan yake magani ba. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 sun kasa cin jarrabawar da ta yi musu, ta sallame su. Ƙungiyar malamai ta ƙi yarda da yadda aka yi jarrabawar, aka yi ta taƙaddama, malaman suka sha tozarci a jarida. Waɗanda suka kawo su, da waɗanda suka sa hannu aka ɗauke su shekara da shekaru, su ne ba a ji sunayensu ba. In har za a yi alfarma, a yi ta kamar ta kasuwa mana, mai kawo mutum ya rubuta sunansa a fayil. Da yawa za su fasa.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin gina titi kilomita ɗaya ba. Kowane mai nema ya samu saƙon waya cewa buƙatarsa ta shiga, ya samu wani in an cire shi, da dalili ko da kalma uku ce. Hukumar da ta iya karɓar lambar wayar mutum dubu ɗari biyar ta iya aika musu saƙo. A wallafa sunayen waɗanda aka ɗauka da makinsu da ƙananan hukumominsu, kamar yadda ake manna sakamakon jarrabawa a allo. Duk izinin tsallake talla da aka bayar a sanar da shi da adadin guraben da ya shafa. Shi kuma jami'in tebur a horar da shi, a biya shi abin da zai riƙe shi, a daina sauya masa wurin aiki don ya nemi a rubuta. Masu cin moriyar duhun ba za su kawo wannan da kansu ba, amma akwai abin da ke hannun jama'a tun yanzu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani daga hukumar tarayya ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa, in ta ƙi kuma ana iya kai ta kotu. Ƙungiyoyin ɗalibai da na matasa da na ci gaban garuruwa, waɗanda ke kashe ƙarfinsu wurin bin 'yan majalisa neman gurbi ɗaya ko biyu, su gwada wannan: duk hukumar da suka ji ta ɗauki ma'aikata a bana, su rubuta mata su nemi kwafin tallar da jerin sunaye da maki, amsar da suka samu, ko shirun da aka yi musu, su kai gidan rediyo a karanta.